Hitar ruwa mai aiki da rana, za ta yi mana a ƙauye kuwa?

Baban_Ummi_Jahun:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah masu sani a taimaka min da shawara. Akwai wani abu da nake gani a saman gidaje a Dutse da cikin Kano, tanki ne a kwance, ƙasansa an jera wasu dogayen gilasai baƙaƙe, aka ce min wai hitar ruwa ce mai aiki da rana, ba ruwanta da wuta ba ruwanta da gas. To ni a ƙauye nake, ba mu da ruwan famfo sai rijiya da bohol ɗin unguwa, wutar lantarki kuwa turakun ne kawai a tsaye. Iyalina haihuwarta za ta faɗo tsakiyar hunturu in Allah ya yarda, ga Inna ta tsufa ba ta iya alwala da ruwan sanyi da asuba, itace kuma kowa ya san yadda ya koma. Shin abin nan zai yi aiki a irin gidanmu ko na 'yan birni ne kawai? Wanda ya taɓa amfani da shi ya faɗa min gaskiya tsakaninsa da Allah.

Ɗan_Gumel:
Wa alaikumus salam. Allah ya sauke ta lafiya. Ni ma ina nan a laɓe ina jiran amsa.

Auwalu_Sola:
Malam ka bar wannan maganar, sola ba ta ɗaukar hita. Na sha faɗa wa kwastomomina, fitila da fanka da talabijin da cajin waya duk ba matsala, amma hita da dutsen guga su ne ajalin batir. Batir mai bolt 12 amfiya 200 da kuke gani duka abin da ke cikinsa yunit 2.4 ne na wuta, kuma rabi kawai ake so ka taɓa in kana so ya yi ƙarko, hitar bokiti kuma wat 1500 take ja, ko awa ɗaya ba za a yi ba inbata ta fara kuka.

Sani_Fulamba:
@Auwalu_Sola maganarka gaskiya ce amma ba ita ya tambaya ba. Wadda yake nufi ba fanel ba batir ba inbata, ko waya ɗaya babu a jikinta. Ruwan da kansa ne yake shiga cikin gilasan rana ta dafa shi. Kowane gilashi riɓi biyu ne, an zuƙe iskar da ke tsakani, kamar cikin fulas ɗin shayi, shi ya sa za ka taɓa bayansa ka ji sanyi alhali ruwan ciki yana ƙuna. Ruwa in ya yi zafi sama yake yi, sai ya hau tankin, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, haka za su yi ta zagaye tun safe har rana ta faɗi ba tare da injin turawa ba. Tankin kuma bango biyu ne da soso a tsakani, shi ke riƙe zafin har gari ya waye. Akwai mai lita 100, 150, 200, 300, kuma kusan gilashi ɗaya ake sa wa kowace lita 10, wato mai lita 200 za ka gan ta da gilashi 20.

Auwalu_Sola:
Toh Oga Sani, wannan layinku ne ba namu ba. Amma dai masu jona hita a inbata su ji tsoron Allah.

Kawu_Ado:
Yaran zamani kenan. Mu da muka taso kara da kirare muke tarawa tun kaka, mace ta haihu a dafa ruwa a garwa ba wanda ya ji kanmu. Yanzu ruwan zafi ma sai an sayo masa inji daga Chana.

Maman_Khalifa:
Kawu da girmanka, a zamaninku mutum yana fita bayan gari zai dawo da dami. Yanzu fita ka gani. Karan ma masu dabbobi sun saye tun yana gona, kashin shanun da muke raina wa shi ma taki ya zama ana auna shi a buhu. Yaran da muke aikawa kirare sai su wuni su dawo da abin da ko ruwan koko ba zai tafasa ba.

Kawu_Ado:
Wannan kuma gaskiya ne 'yata, daji ya ƙare. Tsakanin Maigatari da Babura da na sani da wanda nake gani yanzu ba ɗaya ba ne.

Malam_Habu_Fiziks:
Bari in sa baki da ɗan lissafi tunda abin da nake koyarwa kenan. Jarka mai lita 20, in kana so ka ɗaga ta daga sanyin hunturu zuwa ɗumin wanka, wato ƙarin digiri 30, yunit 0.7 take ci. Wannan ba wani abu ba ne, alwalar Inna ma ko kwatan haka ba za ta ci ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ruwan jego. A ce lita 40 za a tafasa, daga wajen digiri 20 zuwa 100, wannan yunit 3.7 ne, safe da yamma 7.4, kwana arba'in ka doshi yunit 300. Da da wuta za ka yi a farashin da aka sa wa 'yan Band A, wato rukunin da aka fi bai wa wuta, a watan Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, ka haura naira dubu 60 a ruwan wanka kaɗai. Murhun duwatsu uku kuma a cikin zafin itacen abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, sauran iska ce take kwashewa, shi ya sa kake ganin an jibge itace amalanke guda amma kafin suna ya zagayo an ci rabi.

Ɗan_Gumel:
Malam Habu mu da muka gudu daga ajin lissafi ka biyo mu har nan 😂 Band A kuma ai sai dai mu ji a rediyo, mu ko harafi ba a ba mu ba.

Maman_Khalifa:
Ku maza kuna ta lita da digiri, ku tsaya ku ji yadda abin yake. Wankan jego ba ruwan ɗumi ake nema ba. Ruwa ne ake tafasawa da ganyen darbejiya ko na tsamiya a ciki har ya canza kala, a juye a babban baho, a riƙa tsoma ganyen ana fyaɗa wa mai jego a baya da ciki tana ihu tsohuwa tana cewa daure. To ta ina za ka cusa ganye a cikin wannan tankin naku? Kuma wallahi tsohuwar da za ta yi mata wankan in ba ta ga tukunya a kan wuta tana ɓararraka da idonta ba cewa za ta yi ruwan ɗanye ne, in yarinya ta yi ko ciwon kai a kanka za a ɗora. Baban Ummi ka fara shawo kan Inna da ungozoma kafin ka kashe kuɗinka.

Malam_Habu_Fiziks:
Hajiya ban ƙi taki ba, amma ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. In rana ta ba ki ruwa mai digiri 60, kika juye a tukunya kika sa ganyenki, wuta digiri 40 kawai za ta ƙarasa maimakon 80. Itace ya ragu da rabi kenan, tsohuwa kuma ta ga tafasarta, kowa ya huta.

Maman_Khalifa:
Toh wannan dai ta shiga kunne.

Shamsu_Wudil:
Ka tura ta gidansu wanka mana ka huta da duk wannan 😂

Baban_Ummi_Jahun:
Haihuwa ta uku ce Shamsu, wankan gida na ta fari ne. Kuma ko gida ta tafi itacen ai a wuyan miji yake, da alama dai ba ka yi aure ba. Oga Sani tambayata ita ce ruwan, mu da guga muke ja, ta ina zai hau saman kwano?

Sani_Fulamba:
Yawwa, nan ne maganar take. A birni akwai sumo da ke tura ruwa tankin roba na sama, daga can ya gangaro cikin hitar, kuma dole tankin roban ya fi ta tsawo. Kai da ba ka da wannan kar ma ka kai ta sama. Na farko ma lita 200 kilo 200 ne ban da nauyin ƙarfen da gilasan, rufin kwano na katako biyu-biyu irin na ƙauye ba zai ɗauka ba, soron ƙasa kuma da damina ka san sauran. A ƙasa za ka ajiye ta, a yi mata dakali da bulo da siminti a tsakar gida inda ba inuwa, ka nemi irin wadda ba ta matsa ruwa, mai bututun numfashi a sama, ita za ka iya cikawa da bokiti da mazurari, a sa mata kan famfo a ƙasa ka tara bokiti. Ta kalli kudu, don da hunturu rana ta kudu take karkata. In ka fuskanci gabas hannunka na dama shi ne kudu. Sai doka ɗaya da in ka karya ta za ka yi kuka: ba a zuba ruwan sanyi a gilashin da ya sha rana ba ruwa a ciki, nan take yake fashewa. Da asuba bayan an ɗiba ake cikawa, ko bayan magariba in ta huce. Kuma kar a bari wani ya ja maka bututun PVC a layin ruwan zafi, laushi yake yi ya lanƙwashe, PPR ake sawa, koren nan da ake haɗawa da injin zafi.

Alhaji_Bichi:
Ni na saka kuma ban ji daɗinta ba, gara in faɗa kar a ce an rufe shi. Wanda ya haɗa min ya kafa ta tana kallon yamma kusa da bishiyar darbejiya, sai bayan azahar take samun rana, da na yi magana ya ce ai ba komai. Sai ga hazo, kwanakin da ake buji ɗin nan da ko ranar ba ka gani sosai, ruwan ɗumi-ɗumi kawai take bayarwa, lokacin da ka fi buƙatarta kenan fa. Yara kuma suka buga ƙwallo suka fasa gilashi ɗaya, ruwan tankin gaba ɗaya ya tsiyaye ƙasa. Na kira shi ya fi a ƙirga bai zo ba. Da zafi kuwa, watan Afrilu da ba mai son ruwan zafi, sai ta riƙa tafasa tana feso tururi ta sama. Ni a ganina kayan otal ne da asibiti.

Sani_Fulamba:
Ranka ya daɗe Alhaji abu biyu laifin mai haɗawa ne, fuskar da inuwar. Na hazo kuma gaskiyarka ne ba zan musa ba, ranar da buji ya rufe gari ƙarfinta yana raguwa sosai, sai dai ƙurar da ke kwanciya a kan gilasan ita ma tana da nata kason, a riƙa gogewa da tsumma mai laushi da sassafe za ka ga bambanci. Gilashin da ya fashe ɗaya ake zarewa a sa wani, ba sai an kira kowa ba, ka shafa ruwan sabulu a bakinsa ka murza shi a hankali ya shige robar. In kana so ka gane wanda ya mutu duba gindinsa, lafiyayye yana ƙyalli ruwan azurfa, wanda iska ta shiga fari yake komawa. Da bazara kuma ka rufe rabin gilasan da tabarma ko buhu shikenan.

Hajiya_Ladi_Dutse:
Mu tamu tana aiki lafiya lau, mai lita 150 ce, yara huɗu suna wankan makaranta da ita da safe kuma a samu na wanke-wanke. Da can tukunyar gas ba ta kai mana ko'ina da sanyi, yanzu girki kawai take yi. Abin da zan ja kunne a kai shi ne ƙuna. Ruwan la'asar ɗinta ba wasa ba ne, yana saɓule fata, in a ƙasa za ku ajiye kamar yadda Sani ya ce to kan famfon ya zama mai kwaɗo ko a cire hannun a ɓoye, a kuma kewaye ta da waya saboda yara da awaki.

Sista_Rabi:
Na gode Hajiya da kika taɓo wannan. Mu a asibiti da hunturu ya kama mun san za mu fara karɓar yara masu ƙuna, yawanci ruwan wanka ne aka sauke aka ajiye aka juya baya, mai rarrafe ya faɗa. In ta faru dan Allah ruwan sanyi mai tsafta za a yi ta kwarara wa wurin kamar minti 20, ba ƙwai ba manja ba man goge baki ba, sai a kawo shi. Na biyu masu shiga ɗaki da kaskon gawayi su rufe ƙofa da taga, akwai iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da kala, mutum barci kawai zai ji ya wuce. Haka ma hitar gas ta bango da wasu ke sawa a cikin banɗaki rufaffe. Shi kuma wankan jego ba na ce a bari ba, amma ruwan da za a iya jurewa ya isa, ba sai an tafasa mutum ba, wadda aka yi wa aiki ko ɗinki kuma ta bi abin da aka ce mata a asibiti. Kunun kanwa ma a sassauta musamman mai hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka zargi yawan kanwa da zafin da ake gasa su da shi. In mai jego ta fara kumburin ƙafa da haki ba ta iya kwanciya sai a zaune, ba sanyi ne ya shige ta ba, a kawo ta asibiti a ranar.

Maman_Khalifa:
Sista Allah ya biya ki, amma ki zo ki faɗa wa surukata wannan da bakinki, ni ba zan iya ba.

Ummu_Sadiq:
Ni tambayata daban ce. Kakarmu hana mu take mu yi wanka da ruwan da ya wuni a rana, wai yana sa ƙyasfi, kuma na taɓa ji a wajen karatu cewa makaruhi ne yin alwala da shi. To Inna da alwala za ta yi ya kenan?

Almajirin_Malam:
Malama maganar tana cikin littattafan fiƙihu ba ƙirƙira ba ce. Wasu malamai, musamman a mazhabar Shafi'i da wasu daga cikin namu Malikawa, sun karhanta ruwan da rana ta zafafa, amma da sharaɗi, a ƙasa mai zafi kuma a cikin mazubin ƙarfe irin tagulla, saboda tsoron cutar fata. Hadisin da ake kawowa a kai malaman hadisi sun raunana shi, shi ya sa wasu manyan malaman suka ce ba karhanci. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ruwan mai tsarki ne kuma alwalar ta inganta. Baban Ummi ya tambayi limamin garinsu ya kwatanta masa yadda na'urar take, cewa ruwan a gilashi yake zafi a rufe. Allah ne mafi sani.

Shamsu_Wudil:
To ai duk tankin roban da ke saman gidaje a Kano ruwansa rana ce take gasa shi wuni guda kuma da shi kowa yake alwalar la'asar.

Bahaushe_a_Jamus:
Salam 'yan uwa. Mu nan abin da ake ta komawa yanzu wani ne daban, injin da ke cikin firij da AC ne aka sa shi aikin dafa ruwa, yana zuƙo zafin da ke cikin iska ya tura cikin tanki. Yunit ɗaya na wuta yana ba ka zafin wajen yunit uku, shi ya sa gwamnati take tallafa wa masu cire na gas su sa shi. A iska mai ɗumi irin ta gida ma ya fi yin aiki. Amma fa sai da wuta tsayayya. Ita wadda kuke magana kuma ba sabon abu ba ce, a tsibirin Saifurus kusan kowane gida akwai ta a sama, Chana kuma ta fi kowace ƙasa yawansu, can ƙauyukansu ma sun cika da ita.

Ɗan_Gumel:
Yaya na Jamus a yi mana addu'a kawai. Mutumin da ya ce maka turaku ne a tsaye a garinsu kake kawo wa zancen firij.

Isiya_Mai_Walda:
Ni fa ina ganin kun tafi da nisa. Talaka yake tambaya. Abin da na haɗa a gidana a Kura ga shi: duro na ƙarfe na shafe shi da baƙin fenti, na kwantar da shi cikin akwatin katako, ƙasa da gefe na cusa buntun shinkafa da yagaggiyar katifa, sama na ɗora gilashin tsohuwar taga a karkace yana kallon kudu, na yi masa murfin katako da soso. Da safe a buɗe murfi, rana na faɗuwa a rufe a lulluɓa tsohon bargo. Da yamma ruwan sai an surka, da asuba kuma da ɗuminsa, ba zafi ƙau ba amma tsohuwa za ta yi alwala ba ta ji a ƙashinta ba. Buntu kyauta muke samu a injin casa. Sharaɗi kawai ka san abin da aka taɓa zubawa a duron, kar ka ɗauko na maganin feshi ko na wani sinadari.

Malam_Habu_Fiziks:
Isiya ya gano bakin zaren. A ƙasar nan samun zafin ba shi ne wahala ba, kowane fili mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya yana samun zafin rana na yunit 5 zuwa 6 a wuni, ko baƙar jarka ka ajiye a kan kwano a kwance za ta yi zafi. Wahalar ita ce riƙe shi daga magariba zuwa asuba, a daren da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15 ga iska. Kuɗin da kake biya a ta kanti har da na wannan soson da gilashin da ba ya sakin zafi a ciki. Don haka Baban Ummi in alwalar Inna ce kawai, jarka baƙa a rana, da la'asar a juye a babbar kula irin ta abincin biki a rufe a naɗe da bargo, ko a tafasa kaɗan da daddare a kan ragowar garwashin tuwo a zuba a fulas, ya wadatar. Jegon ne mai cin ruwa.

Mai_Gawayi_Gwaram:
Duk ku gama ku dawo wajenmu 😂 ranar da hazo ya rufe sai kun neme ni.

Kawu_Ado:
Kai kuma ku ne kuka ƙarar da dajin ai.

Mai_Gawayi_Gwaram:
Kawu mu sari muke yi daga kudu ake kawo mana a mota. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, gas ya tashi, mutanen birni da suka bar gawayi suka dawo mana, shi ya sa kuke ganin buhu ya yi tsada, ba mu muke so ba.

Ummu_Sadiq:
Ba wanda ya ambaci murhu. Mu mun bar na duwatsu mun koma irin rufaffen nan na ƙarfe da ake kira Save80, ƙananan itace ake sa masa 'yan tsinka-tsinka, tukunyar tana zama a ciki iska ba ta kwashe wutar. Matsalarsa tukunyar ba ta kai ta jego girma ba sai an yi sau biyu. Ko murhun ƙasa aka gina aka kewaye tukunyar aka bar ƙofa ɗaya, aka kuma rufe tukunya da murfi, itacen da za a ci ba zai kai na da ba. Matanmu da yawa a buɗe suke dafa ruwa a tsakar gida iska na kaɗawa.

Alhaji_Bichi:
Wani abin da na manta, ruwan rijiyarmu yana da gishiri-gishiri, cikin gilasan duk wani farin abu ya kama kamar yadda yake yi a butar shayi. Wanda ruwansu yake haka ya sani.

Sani_Fulamba:
Eh wannan yana faruwa, wajen da ruwa ke da kanwa ko yashi. Shekara-shekara a zare gilasan a wanke da ruwan tsami ko ruwan kal, kuma a riƙa tace ruwan rijiya da ƙyalle kafin a zuba don laka tana taruwa a gindin gilashi ta hana ruwan zagayawa.

Baban_Ummi_Jahun:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na karanta wa iyalina duka, ita ta Maman Khalifa ta fi kamawa, ta ce Inna ba za ta taɓa yarda da ruwan da ba ta ga wutarsa ba. Itace dai zan fara tarawa tun yanzu kafin sanyi ya sa ya ƙara kuɗi. Amma zuciyata tana kan mai gilasan nan saboda ba jegon kaɗai ba ne, kowace shekara sai an yi hunturu, kuma gidanmu mu uku ne da ƙannena kowa da iyalinsa, in muka haɗa kuɗi aka sa mai lita 200 a tsakar gida kowa ya ɗiba. Isiya in na shigo Kura zan so in ga naka da idona.

Maman_Khalifa:
Mata uku famfo ɗaya da asuba? Baban Ummi ka tanadi alƙali tun yanzu. Wadda ta riga tashi za ta kwashe ruwan zafin ta bar sauran ba komai.

Hajiya_Ladi_Dutse:
Gaskiya ne wannan, kuma a sa wanda zai riƙa cikawa, don lita 200 jarka goma ce kullum, in aka bar wa kowa ba mai yi.

Isiya_Mai_Walda:
Bismillah duk ranar da ka shigo. In ma ta kantin ka saya ƙafafun da take zuwa da su sirara ne, ka kawo a ƙara musu ƙarfe a ɗaure da dakalin, iskar farkon damina ba ta da kirki.

Ɗan_Gumel:
Oga Sani a ina ake samu a Kano, kuma gilasan za su iso Gumel da ransu a motar haya kuwa?

Sani_Fulamba:
Ka zaga Sabon Gari wajen masu kayan famfo da na sola, ka leƙa Ƙofar Ruwa ma, ka tambayi shago uku ko huɗu kafin ka biya don farashin da dala yake tafiya. Ka tabbatar tankin ciki na silba ne mara tsatsa, ka sa a buɗe kwalin gilasan a gabanka ka duba gindin kowanne. A kwalinsu za su yi tafiya a kwance, kar a ɗora musu buhu, gara ka biya kuɗin kujera ka sa su a ciki da a ɗaure a but. Ka ƙara sayen biyu ko uku na ajiya da robobinsu, kuma ka auna tsawon naka ka rubuta don ba duka ne girmansu ɗaya ba.